Azumi yana wanke gubar maganin feshi ko tayar da ita yake yi?

Mai_Kabeji_Lamingo:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu ilimin lafiya da ke cikinmu. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, mai maganar yana cewa duk gubar da mutum ya tara a jiki, har da ta maganin feshi, azumi yana wanke ta tas. Ɗan yayana kuma da ke karatu a jami'a ya ce shi akasin haka aka koya musu. Wai an daɗe ana ba ɓeraye abinci mai maganin ƙwari suna yawonsu lafiya ƙalau, ranar da aka hana su abinci sai suka kama karkarwa. Ni noman rani nake yi, kabeji da latas da tumatur, famfon feshi kullum yana goye a bayana. Wanne ne gaskiya? In na yaron ne, mu da muka daɗe muna shaƙar maganin nan me azumi yake mana?

Ɗan_Katako:
Wa alaikumus salam. Malam ci gaba da azuminka. Ɓera daban, mutum daban.

Sarkin_Musu:
Tun yaushe ɓera ya fara ɗaukar niyya? Ku dai ku lura, duk shekara in azumi ya gabato sai an fito da wani bincike da zai sa wa mutane shakku. Kakanninmu sun yi noma sun yi azumi, ba mu ji wanda ya faɗi yana karkarwa ba.

Ɗalibar_Bayokem:
Baba Mai Kabeji, ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya kawo maka. Yaya Sarkin Musu, ba sabon bincike ba ne, ya girme mu duka, kuma waɗanda suka yi shi ba Ramadan ne a gabansu ba. A kan DDT aka yi shi, wani tsohon maganin ƙwari. Tun 1947 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fitzhugh da Nelson, suka lura cewa ɓerayen da aka daɗe ana zuba musu DDT mai yawa a abinci, in aka janye abincin sai su kama makyarkyata irin ta wanda ya sha gubar yanzu-yanzu, alhali ba a ƙara musu ko ɗigo ba. A 1962 Dale da Gaines da Hayes suka bi diddigin abin da awo. Suka tarar a jikin ɓeran da aka horar da yunwa, yawan maganin ya hau a cikin jini, ya hau a ƙwaƙwalwa, ya hau har a ɗan kitsen da ya rage. Jikin ya ƙara fitar da shi, amma fitarwar ba ta kai yadda yake kwararowa ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. DDT ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Shi ya sa fitsari ba ya iya tafiya da shi kai tsaye, sai jiki ya tura shi cikin kitse ya ajiye. Muddin yana can, ya yi nisa da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, dabbar tana cin abincinta ba ka ganin komai. In yunwa ta zo, hanta ce ke fara sakin sukarin da ta adana. A ɓera wannan ajiya ba ta wuce yini guda. Daga nan sai a koma kan kitse. To jiki yana ƙona kitsen, amma ba ya iya ƙona abin da ke ɓoye a ciki. Kamar miya ce da aka bari a wuta ta tsotse, ba a ƙara gishiri ba amma ya fito fiye da da. Wanda ya kai ƙwaƙwalwa kuma aikinsa shi ne ya hana ƙofofin sodiyam na jijiya rufewa da wuri, sai jijiyar ta yi ta harbawa ba tsayawa. Karkarwar ke nan.

Maman_Ikram:
Innalillahi. Ni fa jikina ya yi sanyi. Mu da muke da ƙiba ke nan muna yawo da rumbun guba?

Likitan_Dabbobi_Vom:
Hajiya kwantar da hankalinki. Ɗiyata Ɗalibar Bayokem ta yi bayani daidai, amma akwai abubuwa biyu da ba a raba su da wannan gwaji. Na farko, da gangan aka ɗura wa ɓerayen nan maganin, kullum a cikin abincinsu, makonni da watanni, a ma'aunin da ya ninninka abin da mutum ke samu daga ragowar feshi a kayan miya. Na biyu, ɓera dabba ce mai saurin ƙona abinci. Farin ɓeran gwaji irin Wistar da ɗalibanmu ke amfani da shi nauyinsa giram 200 zuwa 300 ne, zuciyarsa tana bugawa sama da sau 300 a minti. In ka hana shi abinci awa 24 yana iya zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa. Ki auna da mutum mai kilo 70, kamar a ce ya wayi gari ya rasa kilo uku da rabi zuwa bakwai. Babu mai azumin Ramadan da haka ke faruwa da shi.

Bari in yi lissafi na misali, ba awon wani ba ne. Ɓera mai kitse giram 20, yunwar kwanaki ta mayar da shi giram 10, duk abin da ke cikin rabin da ya narke dole ya nemi wurin zuwa. Mutum kuma mai kitse kilo 15, ya gama wata guda ya rage kilo 1, ko da a ce babu ɗigon da ya fita, ƙarin kaurin maganin a kitsensa kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai, kuma a hankali ya faru, ba dare ɗaya ba. Yawancin masu azumi ma kilo ɗaya zuwa biyu suke raguwa, bayan Sallah da 'yan makonni ya dawo. Wasu kuwa, ba sai na kama suna ba, ƙaruwa suke yi.

Ɗan_Katako:
Likita ka faɗi sunan kawai, ni ne. Ƙosai da kunun gyaɗa ba su bar ni ba.

Sarkin_Musu:
To kun gani, maganata ce ta fito. Kuma ai wani Bajapane ya ci kyautar Nobel a kan cewa azumi yana cinye duk wata cuta da guba a jiki. Wannan ba a faɗar sa, sai na ɓera.

Ɗalibar_Bayokem:
Yaya, Yoshinori Ohsumi kake nufi, 2016. Ya ci kyautar, gaskiya ne. Amma a kan ƙwayoyin yis ya yi aikinsa, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi, kuma abin da ya gano shi ne yadda ƙwayar halitta ke farfasa tsofaffin sassanta ta sake amfani da su in abinci ya yanke. Furotin da makamantansu take narkarwa. DDT ba furotin ba ne. Hanta tana iya juya shi zuwa wani sinadari mai suna DDE, shi kuma DDE ya fi uban nasa taurin kai, rabinsa kawai yakan ɗauki shekaru kafin ya bar jikin mutum. Don haka mai saƙon muryar nan da ya ce wata guda na wanke shi tas, ba daga aikin Ohsumi ya samo ba.

Malam_Na_Rikkos:
Jama'a a yi hattara da jingina wa ibada abin da ba a ce tana yi ba. An wajabta azumi ne domin taƙawa, ba a ce mana sabulun wanke maganin ƙwari ba ne. In ya zo da amfanin lafiya alhamdu lillahi, in bai wanke DDT ba darajarsa ba ta ragu ba. Sannan abin da aka yi wa ɓerayen nan ba irin azuminmu ba ne. Mu daga alfijir zuwa faɗuwar rana, a nan Jos bai fi awa 13 zuwa 14 ba, ga sahur ga buɗa-baki. Haɗa kwanaki ba a sha ruwa ba, wanda ake kira wisali, Annabi (SAW) ya hana sahabbai yin sa. Mara lafiya kuma an ba shi rangwame a cikin Suratul Baƙara, ya sha ya rama.

Anti_Ladi_Nas:
Malam na gode da ka kawo batun haɗa kwanaki. Mu a coci azumin Lent ba shi da matsala, ana ci. Amma akwai masu hawa dutse su yi kwana bakwai ko fiye, wasu ko ruwa babu. A wurin aiki abin da ya fi ba mu tsoro ba ma yunwar ba ce, ranar saukowa ce. Mutum ya daɗe bai ci ba, 'yan uwa su tare shi da tuwo malmala uku da lemon kwalba don tausayi. Sukari ya shiga jini, insulin ya tashi, ya kwashe fosfet da fotasiyam da magnesiyam daga jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki. Dama ajiyarsu ta ƙare. Sai ka ga kumburi, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya rikice. An ga wannan sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a kan fursunonin da aka 'yanto daga sansanoni. Shi ya sa yaro mai tamowa mai tsanani ba a fara masa da abinci mai nauyi. Madarar F-75 ake farawa da ita, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, sai ya daidaita a wuce zuwa F-100 ko wannan gyaɗar ta leda.

Kawu_Bukuru:
Ni tambayata, wannan DDT ɗin har yanzu akwai shi? Mu dai a zamaninmu gamalin muka sani. Na ga da idona ana zuba shi a kududdufan da aka haƙi kuza, kifi ya taso ciki sama, yara su kwasa a kai gida a soya. Har a kan yara ana shafa shi saboda ƙwarƙwata. Babu wanda ya ce mana komai. In wannan ma yana kwanciya a kitse, to mu 'yan sama da sittin sai dai Allah ya kyauta.

Likitan_Dabbobi_Vom:
Kawu ranka ya daɗe, gamalin sinadarin linden ne, dangin DDT ne, su aldirin da dayaldirin duk gida ɗaya. Shi ma yana son kitse, amma jiki ya fi saurin fitar da shi. Amurka ta hana DDT a noma tun 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta taƙaita shi ga yaƙi da sauro kawai, Najeriya tana cikinta. A 2008 NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari 30, ciki har da DDT da linden da endosalfan. Doka ke nan a takarda. Abin da ya riga ya shiga ƙasa da laka yana daɗewa, kuma mu da ke hulɗa da makiyaya mun san har yanzu akan ci karo da kwalaben da ba su da takarda ana wanke kaska da su. Abin da ya shiga jikin saniya kuwa, kitse da man shanu ne masaukinsa.

Ɗan_Katako:
To tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke damuna a matsayina na mai sayar da hatsi. Waken da ake yayyafa wa fiya-fiya kafin a ɗinke buhu fa? Kowa ya san ana yi, kar mu yaudari juna. Tarayyar Turai ma saboda shi ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ga azumi, kowane gida ƙosai da alale. Shi ma taruwa yake a kitse ya jira yunwa?

Likitan_Dabbobi_Vom:
Alhaji wannan wani gida ne daban. Abin da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne DDVP, dangin oganofosfet. Ba ya zama a kitse shekara da shekaru, jiki yana farfasa shi da sauri. Amma kar wannan ya sa ka ji daɗi, domin shi ba ya jira, nan take yake duka. Yana toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan an isar da shi, sai saƙon ya yi ta aiki ba tsayawa. Yawu ya yi ta zuba, gumi, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. Shi ya sa NAFDAC a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna.

Kuma wannan ya dawo da mu kan tambayar Mai Kabeji. Yawancin abin da manoman kayan lambu ke fesawa yau ba dangin DDT ba ne, ko oganofosfet ne ko irin su saifametirin da lamda. Don haka ni a ganina tsoron ɓeran 1962 ba shi ne naka ba. Naka shi ne wanda ke jiƙa maka riga yau da hantsi.

Gwaggon_Yara:
Ni abin da na fahimta, in na kulle kicin na hana ɓerayen gidana abinci za su mutu da kansu? Don wallahi sun ishe ni, har sabulu suke ci.

Ɗan_Gangare:
Gwaggo ɓeran gida ba ya yunwa, maƙwabta zai koma. Amma rufe abincin ki ci gaba da yi saboda Lassa. Mutane da yawa ba su san garin nan yana cikin tarihin cutar ba. A 1969 ma'aikaciyar jinyar mishan da ta fara kamuwa a garin Lassa na Borno, Jos aka kawo ta, a nan ta rasu. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a nan, har likitar da ke kula da marasa lafiyar, Jeanette Troup, ta kamu ta rasu. Ɓeran mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ita, kuma da rani ta fi tashi.

Mai_Kabeji_Lamingo:
Jama'a mun tafi Lassa kuma. Na gode ƙwarai da bayanai. Amma ɗiyata Ɗalibar Bayokem, ba ki faɗa mana ƙarshen ɓerayen ba. In aka dawo musu da abinci me ke faruwa? Gubar komawa take ko ta riga ta yi ɓarna?

Ɗalibar_Bayokem:
Baba ai nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. In dabbar ba ta kai ga mutuwa ba aka dawo mata da abinci, narkewar kitse tana tsayawa, sabon kitse ya fara taruwa, maganin da ke yawo a jini ya sake samun maɓoya. Ba fita ya yi ba, komawa ɗaki ya yi.

Sannan hantar ɓera tana da wata ɗabi'a. In aka hana shi abinci kwana biyu aka dawo masa da mai sitaci ko sukari da yawa, sinadaran da ke ƙera kitse a hanta ba komawa daidai kawai suke yi ba, zarcewa suke yi su ninka yadda suke a da, har hantar kanta ta tara mai. Tun shekarun 1950 aka san wannan. Ka ga ke nan irin abincin da aka dawo da shi yana da tasiri, ba yawansa kaɗai ba. In kuma abincin da aka dawo da shi yana ɗauke da maganin, sabon kitsen da sabuwar ajiya zai zo.

Akwai wani ɓangaren da bai shafi kitse ba. Yunwa tana rage wani sinadarin kariya a hanta mai suna gulutatayon, wanda ke kama guba ya ɗaure ta. A ɓera yini ɗaya ko biyu ba abinci ya isa ya sauke shi sosai. Shi ya sa farasitamol mai yawa ya fi lalata hantar ɓera mai yunwa fiye da ta ƙosasshe. Mu ma a aikin bincikenmu na jami'a, kafin a ɗura wa ɓera abin da za a gwada, ƙa'ida ce a janye masa abinci ya kwana, a bar masa ruwa, don cikin da babu komai ya fi saurin tsotsewa. Wanda bai rubuta awa nawa ya hana su abinci ba, malami zai dawo masa da aikin.

Sarkin_Musu:
Duk dai ɓera, ɓera, ɓera. Dabbar da ko amai ba ta iya yi, ko matsarmama ba ta da ita. A kawo mana na mutum.

Dakta_Tudun_Wada:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Sarkin Musu gaskiyarka a kan amai da matsarmama, ɓera ba shi da su biyun. Na mutum kuma akwai. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Laval da ke Kanada sun auna jinin masu ƙiba kafin da bayan rage nauyi, suka ga yawan dangin DDT a jini ya hau bayan sun rame. An sake ganin haka, har ya fi, a kan waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki, masu zubar da kilo 30 ko 40 a shekara. Don haka hanyar ɗaya ce da ta ɓera. Bambancin, mutanen ba su faɗi suna karkarwa ba, domin ajiyar tasu ba ta kai ko kusa da ta ɓeran gwaji ba, kuma likitoci ba su daina ba masu ƙiba shawarar rage nauyi ba, amfanin ya rinjayi wannan. Inda ni nake sa ido shi ne mutumin da ya yi shekaru yana aiki da irin waɗannan magunguna da hannunsa, sannan wata cuta kamar tarin fuka ta zo ta zuge shi cikin 'yan makonni. Irin wannan ya kamata ya gaya wa likitansa sana'ar da ya yi.

Maman_Ikram:
Dakta to mai shayarwa fa? Na taɓa ji an ce ta nono yake fita. Ina goyon wata huɗu kuma ina so in rage jiki.

Anti_Ladi_Nas:
Maman Ikram, gaskiya ne nono yana da maiƙo, kuma yana cikin manyan hanyoyin da irin wannan sinadari ke barin jikin mace. An auna an gani a ƙasashe da yawa. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta canja magana ba, nono zalla wata shida, a ci gaba har shekara biyu tare da abinci. Kar ki kuskura ki cire yarinya a nono saboda hirar nan, gudawar da madarar gwangwani da ruwa mara tsabta ke kawowa ta fi wannan kusa. Abin da zan ce ki bari shi ne shayin rage tumbi da kwana da yunwa. Ki bi a hankali. Batun azumi kuma ga Malam nan.

Malam_Na_Rikkos:
Mai ciki da mai shayarwa in sun ji tsoron cutuwa ga kansu ko ga yaro suna da rangwame. Hajiya ki samu malamin unguwarku ya yi miki bayanin ramuwa da ciyarwa.

Likitan_Dabbobi_Vom:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ni shi ya fi damuna fiye da azumi. A shekarun 1960 wani mai bincike a Kanada, Eldon Boyd, ya yi ta gwada magungunan ƙwari a kan ɓerayen da aka rena da abinci mara isasshen furotin. Ya tarar magunguna da dama, har da DDT da linden, sun fi saurin kashe su fiye da waɗanda suka ƙoshi da furotin, wani maganin ma ninki da yawa. Hanta da furotin take ƙera makaman da take farfasa guba. To wa ke riƙe da famfon feshi a gonakinmu? Yaron da aka ɗauko aikin yini, wanda karin kumallonsa rogo ne ko garin kwaki. Wannan yunwar ba ta da magariba.

Ɗan_Mangu:
Likita ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Bara da azumi wani yaro da ke mana aiki ya yi feshin tumatur da tsakar rana, ba takunkumi, famfon yana yoyo a bayansa. Kafin la'asar ya fara amai yawu na dalala. Mutane suka ce azumi ne ya kama shi, wasu suka ce a ba shi manja da madara. Aka ɗura masa, ya ƙara amai. Da ƙyar muka samu mota. A asibiti abin da suka fara tambaya shi ne ina kwalbar maganin, mu kuwa mun baro ta a gona, sai da aka koma da babur. Ya tashi, alhamdu lillahi.

Anti_Ladi_Nas:
Allah ya ƙara masa lafiya. Don Allah jama'a a daina ɗura manja da madara. Ba makari ba ne. Da yawan magungunan nan a mai suke narkewa, kuma an haɗa su da wani abu mai kama da kananzir, in mutum ya yi amai ya shaƙe shi zuwa huhu an ƙara wata cutar a kan wata. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a tafi. Na dangin fiya-fiya akwai allurar atirofin, amma sai an san abin da ya shiga jikin. Ta fata ma yana shiga, ba sai an sha ba, balle ga zafi ga gumi ga ƙishirwa.

Ɗan_Gangare:
Ba ɓera kaɗai ba ne ma. Na karanta na jemagu a Amurka, 1976, waɗanda ke kogon Carlsbad. 'Ya'yan suna tsotsar DDE a nono su tara a kitse, in lokacin ƙaura ya zo suka ƙone kitsen a tafiya sai ya hau musu ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da na ga jemagun nan na wajen gidan zu da yamma sai in tuna.

Sarkin_Musu:
Yanzu kuma an koma jemage. Ni dai har yanzu ban ga wanda ya nuna min mai azumin Ramadan ɗaya da DDT ya kayar ba. Kuma ina nan a kan cewa azumi yana gyara jiki.

Dakta_Tudun_Wada:
Babu wanda ya ce maka ya kayar da wani. Gyaran jiki kuma ya danganta da abin da ka tara a faranti bayan an kira salla. Wanda ya sha ruwa da soye-soye kala biyar ya kwanta, sukarinsa da kitsensa ba su san ya yi azumi ba.

Kawu_Bukuru:
Ni ban gamsu da cewa mu tsofaffi mun tsira ba. Likita ya ce gamalin ma yana son kitse, Ɗaliba ta ce na DDT shekaru yake ɗauka. To wanda ya ci kifin gamalin shekara da shekaru, sannan ga ciwon sukari ya zo yana ramar da shi, lissafin kilo 15 ɗin nan bai shafe shi ba. A bar maganar a buɗe.

Mai_Kabeji_Lamingo:
Kawu ka yi gaskiya, ni ma ban ce na gama fahimta ba. Abin da zan iya yi dai, feshi zai koma bayan asuba kafin rana ta yi zafi da iska ta taso, in yi wanka in canja kaya kafin in taɓa abin buɗa-baki. Kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da yanka kabeji kuma, nan ne rigimar take, don dillalan Farin Gada ba sa jira, in mota ta zo ta zo.

Ɗan_Katako:
Kai ma ka faɗa. Mu ma haka ne, mai saye yana ganin ƙwaro ɗaya a mudu zai wuce gaba, amma ba ya tambayar me aka zuba. Ni bana na koma buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. In ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin suna shaƙewa su mutu, ba a zuba komai. Matsalarsa biyu, kuɗinsa ya fi na buhun gargajiya, kuma in ɓera ya huda shi aikin ya lalace, sai ka ɗora a kan katako nesa da bango.

Gwaggon_Yara:
Ɓeran dai ya sake dawowa. Alhaji a wane layi ake samun buhun a Katako? Kuma yana yi wa masara da acca, ko wake kaɗai?

Ɗan_Katako:
Yana yi wa masara, Gwaggo, in dai ta bushe sosai kafin a zuba. Acca ban taɓa sa ta a ciki ba, ita ƙwari ba su cika damunta ba. Ki tambayi masu sayar da buhuna ta ɓangaren 'yan hatsi, ki duba ledar ciki da kyau a gaban mai shagon, don akwai jabu.